Mets sun saki Alonso, amma a duba yadda ake sakin ɗan wasa a can da yadda ake yi a nan

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya sanyi. Na daɗe ina bin shafinku na wasanni kuma na san abinda zan kawo yau ba irin wanda aka saba gani bane, don ba Firimiya bace ba Laliga ba, maganar besbol ce, wasan nan na Amurka da ake jefo ƙwallo mutum ya make ta da sanda ya ruga. Don Allah kar daga jin haka a ture wasiƙar gefe, a daure a karanta, saboda abinda ya dame ni a ciki ya shafi yaranmu na nan Kaduna masu buga bal kai tsaye.

Kuma ma wasan ba baƙo bane a garin nan kamar yadda ake zato, sunansa ne kawai ba a sani ba. Ka shiga Kasuwar Barci wajen 'yan gwanjo ka ga hulunan hana-sallah masu NY da LA jibge, samari na ta saye, toh ai hulunan kulob ɗin besbol ne, LA ta Dodgers ce, NY fara a kan baƙi-baƙi ta Yankees ce, in kuma ka ga NY ruwan lemo a kan shuɗi to wannan ta New York Mets ce, ƙungiyar da ni nake goyon baya. A waya nake binsu, wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a can nan sha biyun dare ta yi, don haka yawanci da safe nake kallon taƙaitaccen wasan in data ta samu.

Abinda ya faru da Mets a kakar 2025 duk mai ƙungiya zai ji zafinsa. A Disambar 2024 suka ɗauko Juan Soto a kan dala miliyan 765 na shekara 15, kwantiragin da ba a taɓa ba wani ɗan besbol irinsa ba, mai ƙungiyar Steve Cohen attajiri ne na gaske baya tsoron kashe kuɗi. Zuwa tsakiyar watan Yuni babu ƙungiyar da ta kai su yawan nasara a duk lig ɗin, sun ci 45 an ci su 24, muna ta murna, daga nan sai abu ya fara zamewa a hankali a hankali har aka ƙare wasa 162 da cin 83 da faɗuwa 79, a ranar ƙarshe ta kaka suka rasa gurbin shiga zagayen kofi, Cincinnati Reds suka wuce. Kuma ba laifin Soto bane, mutumin ya buga ƙwallo ta haye katanga, abinda ake kira hom ron, sau 43, masu jifa ne suka gaza, mai jifan da ya fara wasa baya iya kai zagaye na shida cikin tara da ake yi sai an cire shi, aka yi ta ɗauko wannan a sauke wancan har masu jifa sama da 40 suka taka fili a kaka ɗaya.

Toh da hutu ya zo sai shugaban harkar 'yan wasa David Stearns ya ɗauko wuƙa. Farko aka ba Texas Rangers Brandon Nimmo, wanda tun 2011 yake gidan, aka karɓo Marcus Semien mai shekara 35 saboda ya iya tsaron fili. Sai Edwin Díaz mai jifan da ake sakawa a zagayen ƙarshe ya rufe wasa, wanda in zai shigo har kakaki ake busa masa filin ya ɗauka, ya tafi Dodgers a kan dala miliyan 69 na shekara 3. Kafin mu gama shanye wannan sai ga labarin Pete Alonso ya sa hannu a Baltimore Orioles, shekara 5 dala miliyan 155. Wallahi wannan ta ƙarshen ita ta fi taɓa ni. Alonso ɗan gida ne, su suka raine shi tun daga ƙananan ƙungiyoyinsu, shekararsa ta farko a 2019 ya buga hom ron 53, babu sabon shiga da ya taɓa yin haka, kuma a Agustan 2025 ya wuce Darryl Strawberry ya zama wanda ya fi kowa hom ron a tarihin Mets, ya tafi yana da 264. A 2025 ɗin ma duk wasa 162 babu wanda bai buga ba. Wanda ya kalli wasansu da Milwaukee a Oktoban 2024 ba zai manta ba, zagaye na tara ana binsu biyu da nema, saura ƙiris a kore su daga gasar, ya make ƙwallo ta fita da mutum biyu a kan tasha, wato wuraren da mai gudu ke tsayawa kafin ya zagayo gida, ci uku lokaci ɗaya. Wanda ya jefo masa ƙwallon ranar Devin Williams ne, kuma shi Mets suka ɗauko a Disambar 2025, kaga yadda harkar take juyawa.

Ra'ayina dai a kan Alonso basu kyauta ba kuma basu yi dabara ba. Na gane hujjarsu, yana da shekara 31, tsaronsa a tasha ta farko ba wani na a zo a gani bane, kuma masu ƙarfin bugu irinsa in suka haura 33 ko 34 sukan faɗi warwas, ga misalin Albert Pujols nan da Angels suka ba dala miliyan 240 na shekara 10 a ƙarshen 2011 ya yi ta raguwa a hannunsu. Amma ai ba bugu ne ya kayar da Mets ba, jifa ne, toh meye na rushe ɓangaren da yake aiki alhali wanda ya lalace yana nan yana jiran gyara? Kuma ƙungiyar da ta iya ba mutum ɗaya 765 ba za ta ce 155 ya fi ƙarfinta ba. Boston ma haka suka yi lissafi a 2020 suka miƙa Mookie Betts ga Dodgers don kar su biya shi, tun daga lokacin ya ci kofin duniyar besbol sau uku a Los Angeles, 2020 da 2024 da 2025, su kuma ko ɗaya. Na Nimmo ban yi fushi sosai ba, tsaron fili ya buƙaci gyara kam. Na Díaz ma in za a yi adalci shi ya zaɓi tafiya inda ake cin kofi, babu mai hana shi.

Amma Malam Edita ba don in yi kukan Alonso na rubuto ba. Abinda na zauna na lura dashi shine duk wannan rugu-rugu da aka yi, babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsu da ya tashi a tutar babu. Nimmo ba a iya tura shi Texas ba sai da aka zo aka nemi yardarsa, saboda a rubuce yake cikin kwantiraginsa na dala miliyan 162 cewa ba a musayarsa sai ya amince, kuma ragowar kuɗinsa na nan daram ko ina ya koma. Alonso shi da kansa ya fita daga tsohon kwantiraginsa don akwai saɗarar da ta bashi dama, ya shiga kasuwa ya sayar da kansa ga wanda ya fi tayi. In Stearns ya yi daidai ƙungiya ta ci riba, in ya yi kuskure ƙungiya ce zata ɗanɗana, shi ma kujerarsa ta yi rawa. Kuskuren shugaba baya sauka a kan tukunyar gidan ɗan wasa. Wannan shine abinda nake so masu karatu su gani.

Don a can hutun kaka ba lokacin barci bane kuma komai da ranarsa. Ana gama wasan ƙarshe na kofi washegari duk wanda kwantiraginsa ya ƙare kuma ya cika shekara 6 a babban lig ya zama mai 'yancin kansa, bayan kwana biyar yana iya sa hannu duk inda ya ga dama. A cikin kwana biyar ɗin nan tsohuwar ƙungiyarsa na iya miƙa masa tayin shekara ɗaya a kan farashin da aka yanke wa kowa, na 2025 dala miliyan 22 da 'yan kai ne, in ya ƙi ya tafi wani wuri sai a ba ƙungiyar diyya da gurbin zaɓen matashi. Kowace ƙungiya mutum 26 take fita dasu wasa amma tana da babban jeri na mutum 40, kuma tsakiyar Nuwamba dole ta faɗi su waye 40 ɗin. Nan ne abin ya fi burge ni, domin in kana da yaro a ƙananan ƙungiyoyinka ya yi shekara huɗu ko biyar baka saka shi cikin 40 ba, toh a taron Disamba wata ƙungiya na iya ajiye dala 100,000 ta ɗauke shi ko baka so, da sharaɗin zata riƙe shi a babban tim duk kakar, in ta kasa ta mayar maka a rabin kuɗin. An yi dokar ne don kar mai kuɗi ya tara yara ya danne su suna tsufa a benci. Ta irin wannan hanyar Pittsburgh suka ɗauke Roberto Clemente daga hannun Dodgers a 1954, ya zama ɗaya daga cikin manyan da aka taɓa yi a wasan.

Sannan wanda ya yi shekara 3 amma bai kai 6 ba, in sun kasa daidaitawa da ƙungiya a kan albashi, kowa zai rubuta nasa adadin a watan Janairu, a Fabrairu a je gaban masu sulhu mutum uku, su kuma ba a basu damar raba tsakiya ba, ko su ɗauki na ɗan wasa ko su ɗauki na ƙungiya. Kaga dole kowa ya rubuta abinda hankali zai ɗauka, in ka zuga da yawa ka faɗi. In kuma ƙungiya ta ga bata son mutum gaba ɗaya akwai rana a Nuwamba da zata ce bata sabunta ba, ya kama gabansa tun da wuri yana da wata uku cur na neman wani wuri kafin a shiga sansanin atisaye a Florida da Arizona tsakiyar Fabrairu. Haka Dodgers suka yi wa Cody Bellinger a 2022 duk da ya taɓa zama gwarzon lig a 2019, ya je Chicago Cubs ya farfaɗo. Haka Minnesota suka saki David Ortiz a ƙarshen 2002, Boston suka tsince shi a arha ya ci musu kofi uku. Sakin ɗan wasa ba zunubi bane, kowa na yi, lokacin da aka sake shi da abinda aka bashi a hannu shine magana.

Kuma kwantiragin babban lig in an sa hannu an sa kenan, ko ka karye ko hannunka ya mutu sai an biya ka har kobon ƙarshe. Su Mets ɗin nan a Mayun 2022 suka sallami Robinson Canó alhali yana binsu sama da dala miliyan 35, suka biya. Akwai ma wani Bobby Bonilla da suka sallama a farkon 2000 yana binsu dala miliyan 5.9, aka yi yarjejeniya a jinkirta, toh tun 2011 duk ranar 1 ga Yuli sai sun tura masa dala miliyan 1.19 kuma haka za a yi ta yi har 2035, mutumin da rabonsa da fili tun 2001. Ni ban ce kuɗin ruwan da ke cikin wannan lissafi abin koyi bane a wurinmu, a'a, abinda nake nunawa shine an sayar da ƙungiyar ma ga wani mai ita daban a 2020 amma bashin bai mutu ba, sabon mai gida ya gaje shi yana biya.

Kar kuma wani ya ɗauka masu kulob ɗin Amurka tausayi ne ya musu yawa. Da can ɗan wasa mallakin ƙungiya ne har ya yi ritaya, akwai wata saɗara a kwantiragi da take sabunta kanta duk shekara. A 1969 St. Louis suka yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia ya ce ba zai je ba, shi ba kaya bane da za a saya a sayar, ya kai ƙara har kotun ƙoli, a 1972 ya faɗi, kuma wasansa ya mutu a dalilin haka. Amma ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller bata saki ba, a Disambar 1975 mai sulhu Peter Seitz ya yanke hukunci a shari'ar Andy Messersmith da Dave McNally, daga nan aka samu 'yancin da su Alonso ke ci yau. Masu kallon bal sun san irinsa, hukuncin Bosman na 1995 da ya ba ɗan bal a Turai damar tafiya kyauta in kwantiraginsa ya ƙare, toh na besbol ya riga shi da shekara 20. A 1994 'yan wasan sun yi yajin aikin da ko kofi ba a buga ba a shekarar. Kuma har gobe akwai zalunci a ciki, yaran ƙananan lig sun daɗe suna karɓar abinda bai kai ya kawo ba, ana cunkusa su da yawa a ɗaki ɗaya, sai a 2022 suka shiga ƙungiyar ƙwadago, a 2023 aka ninka musu mafi ƙarancin albashi. Cubs ma a 2015 sun riƙe Kris Bryant a ƙaramin lig na 'yan kwanaki a farkon kaka, ya ƙare shekarar da kwana 171 alhali 172 ake lissafawa shekara guda, suka ci ribar shekara ɗaya a kansa. Wayo na nan ko ina, amma a can ɗan wasa na da takarda a hannu da inda zai kai kuka.

Yanzu mu dawo gida. Ina da ɗan yayata, mai tsaron baya ne, tun yana ƙarami yake zuwa atisaye Murtala Square da asuba kafin ya wuce makaranta. Wata ƙungiya ta kira sikirinin, ba zan faɗi sunanta ko garinta ba don ba ita kaɗai ke yi ba, ya haɗa kuɗin mota da kuɗin but uwarsa ta sayar da akuyarta ta cika masa. Ya ce min yaran da suka taru sun fi ƙarfin fili, ana raba bib ana sa su minti ashirin ashirin, koci na zaune a inuwa wani lokacin ma yana waya. Allah ya taimake shi aka ɗauke shi. Aka kira shi ofis aka miƙo takarda aka nuna masa inda zai sa hannu, ya ce a bashi kofi ɗaya ya kai gida a duba masa, sakatare ya ce in bai shirya ba akwai mutum goma a waje suna jira. Ya sa hannu. Kuɗin sa hannun da aka yi alkawari aka ce kashi-kashi za a bayar, ya ga kashin farko, sauran shiru. Albashi wata biyu ya shigo wata uku bai shigo ba. A zagaye na biyu na kaka wani ya shigo masa ta gefe gwiwa ta juya, ƙungiya ta saya masa maganin shafawa da bandeji, hoton gwiwar ma mu muka haɗa kuɗi aka yi a nan Kaduna, likita ya ce jijiya ce ta tsinke sai aiki.

Da kaka ta ƙare babu wanda ya kira shi. Yana gida yana ɗingishi yana jiran a ce a dawo sansani, sai saura kwanaki kaɗan a rufe rajista ya ga an turo jerin sunaye a gurup ɗinsu na WhatsApp, ya karanta daga sama har ƙasa ya sake karantawa babu sunansa, kafin magariba an cire shi daga gurup ɗin. Ina zaune kusa dashi a kan tabarma ranar, bai ce komai ba, ya kife wayar ya tashi ya yi alwala. Da ya warke wata ƙaramar ƙungiya ta so ɗaukarsa, ya je karɓar takardar sallama aka ce sai ya rubuta cewa ya yafe bashin da yake bi. Ya rubuta, don in bai rubuta ba babu inda zai buga. Yanzu gyaran waya yake koya, yana da shekara 24.

Toh ka gaya min Malam Edita, wa ya yi kuskure a nan kuma wa ya biya? In yaron bai iya ba ai koci ne ya zaɓe shi, in kuɗi basu isa ba ai shugabanni ne suka ɗauki 'yan wasan da suka fi ƙarfin asusunsu. Amma su ko a jikinsu, shi ya tafi da gurguwar gwiwa da bashin da aka tilasta masa yafewa. Kuma tunda sallama bata cin ƙungiya ko sisi shi yasa ake yinta ba tunani, duk shekara sai kaji an zubar da rabin tim an kwaso sababbi, sabon koci ya zo da yaransa, wani babba ya turo ɗan ƙaninsa da 'yar takarda, ejan ya kawo nasa a raba kuɗin sa hannu. Da ace duk wanda aka sallama sai an biya shi ragowar kwantiraginsa, wallahi da kafin a ɗauki mutum ɗaya sai an kalle shi wasa goma. Tsadar kuskure ce take sa su Stearns kwana suna lissafi, mu kuma arharsa ce take sa ake ɗaukar ɗan wasa a minti ashirin.

Na san abinda za a ce, wai ina Amurka ina Najeriya, su suna da kuɗin talabijin da 'yan kallo dubu arba'in mu kuwa yawancin kulob ɗinmu gwamnatin jiha suke jira ta saki kuɗi. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a ba kowa miliyoyin dala ba. Amma ba ɗan wasa kofin takardar da ya sa wa hannu nawa yake ci? Sanya rana ɗaya bayan kaka da dole kowace ƙungiya ta faɗi wanda ta riƙe da wanda ta saki, tun kasuwa na buɗe, nawa yake ci? In kuɗinka na mutum 25 ne ka ɗauki 25 ka biya su, ya fi ka tara 40 kowa na binka. Rashin kuɗi ma shi ya fi buƙatar lissafi. Oakland a ƙarshen 2001 manyan 'yan wasanta uku suka tafi, Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen, don bata iya biyansu, manajan ƙungiyar Billy Beane ya zauna da alƙaluma ya tsinto waɗanda kowa ya raina a arha, a 2002 suka ci wasa 103 har da 20 a jere. Talauci bai hana su tsari ba, kuma duk wanda suka ɗauka sun biya shi.

Abin ya fi ciwo saboda Kaduna ce. Garin da ya fitar da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, ga Sadiq Umar a yanzu. Ranchers Bees sun kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988 inda Bizerte ta Tunisiya ta doke su da ƙyar, a 1989 suka ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma, daga nan Amokachi ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale a 2010 a hannun Enyimba da bugun fenareti. Yaran basu ƙare ba, ka zaga Tudun Wada da Unguwar Rimi da Kakuri da Rigasa da yamma ka ga yadda filaye ke cika. Kuma riƙe takarda da kyau ƙungiya ma take amfana, a dokar FIFA duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai in akwai rajistar da ta nuna ya zauna a wurinka. Wanda ya kori yaro ta WhatsApp ba takarda ba komai, ranar da yaron ya fashe a Turai da wace hujja zai nemi kasonsa?

'Yan wasan su ma da nasu. Su Flood basu samu komai ba sai da suka tsaya wuri ɗaya, wani ya yarda ya rasa aikinsa don na baya. A nan in an hana mutum ɗaya albashi sauran sai su yi shiru kowa na tsoron kar a cire shi daga tafiya wasan waje ya rasa alawus. Ban ga laifinsu sosai ba, mai iyali a wuya baya wasa da abincinsa, amma tsofaffin 'yan wasanmu da suka yi suna suka samu rufin asiri, su babu mai cire su daga jeri, su ya kamata su riƙa buɗe baki suna raka yaran nan wajen kwamitin sulhu na hukumar ƙwallo, don yaro ɗan shekara 20 da bai gama sakandare da kyau ba bai san ma ta inda ake shigar da ƙorafi ba. Iyaye kuma don Allah kar a bar yaro ya tafi sa hannu shi kaɗai, a haɗa shi da wani babba mai karatu ko da malamin makarantarsu ne.

Ku kuma 'yan jarida ga roƙona. Duk farkon kaka muna ganin hoton sababbin 'yan wasa riƙe da jesi ana murmushi, shugaba a tsakiya. Ina so wakilinku in ya je wajen ya tambayi jerin waɗanda aka saki, ya nemi lambar biyu ko uku daga cikinsu ya ji ranar da aka gaya musu da kuma ko an biya su, ku buga amsar kusa da wancan hoton. A Amurka albashin kowane ɗan besbol da shekarun kwantiraginsa a fili suke, shi yasa ni da nake zaune a Kaduna na iya kawo muku na Alonso da na Nimmo, amma ɗan wasan da muke unguwa ɗaya dashi ban san me aka rubuta masa ba, shi kansa bai sani ba. In kuma da hali ku ɗan riƙa saka labarin besbol ko sakin layi biyu ne a sati, musamman da yake yarjejeniyar 'yan wasa da masu ƙungiyoyi zata ƙare 1 ga Disambar 2026, masu kulob na son a sa iyaka ga albashi 'yan wasa sun ce basu yarda ba, akwai rigima a gaba.

Na gode da bani fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.